Yadda Ake Ɗora Bayanan Wurare a Kan Taswira da Python Ba Tare da Sun Kauce Ba

Duk wanda ya taɓa tura wa wani lokeshin ta WhatsApp ya riga ya yi amfani da lambobin wuri, ko da bai lura ba. Idan aka danna wani wuri aka riƙe a Google Maps, lambobi biyu suna fitowa, misali 12.00 da 8.52, wato birnin Kano. Muddin wuri ɗaya ne, waya tana yin komai da kanta. Aiki yana farawa ne idan wuraren sun yi yawa.

A ce wata ƙungiyar matasa ta zagaya ƙauyuka ta tattara lambobin rijiyoyin burtsatse ɗari biyu da suka lalace, tana so ta miƙa wa masu gyara taswira guda ɗaya. Wannan aikin kod ne, kuma Python yana yin sa cikin layuka kaɗan. Amma kwamfuta ba ta san Kano ba, ba ta san Damagaram ba, lambobi kawai take gani. Idan ba a faɗa mata ma'anar lambobin ba, za ta zana taswira mai kyan gani wadda ɗigoginta ke nuna wurin da babu rijiya, kuma ba za ta nuna alamar kuskure ba. A ƙarshe motar gyara ta ƙone mai ta dawo, ƙauyen kuma yana nan ba ruwa.

Wannan darasi zai nuna yadda ake zana irin wannan taswira daga waya. Ginshiƙinsa ƙa'ida ɗaya ce: dole a faɗa wa manhaja abubuwa biyu daban, wato tsarin da bayanan suke ciki, da tsarin da za a zana taswirar a kai.

Lambobi biyu na kowane wuri

Latitud yana nuna nisan wuri arewa ko kudu daga layin Ikwaita. Yana farawa daga 0 zuwa digiri 90. Longitud kuma yana nuna nisan wuri gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Greenwich a birnin Landan, daga 0 zuwa digiri 180. A cikin kod, kudu da yamma suna ɗaukar alamar ragewa. Nijeriya da Nijar duka suna arewa da Ikwaita kuma gabas da Greenwich, don haka lambobinsu ba su da wannan alama. Amma Kumasi da Tamale a ƙasar Gana suna yamma da layin, longitud ɗinsu yana zuwa da alamar ragewa.

Lambobin da waya ke bayarwa suna bin tsarin WGS84, wanda GPS ke amfani da shi. Kowane tsari yana da lambar shaida da manhajoji suka sani, ta wannan ita ce EPSG:4326.

Abin lura shi ne, digiri ba mita ba ne. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne a ko'ina. Na longitud kuwa yana raguwa yayin da ake nesa da Ikwaita: kusan kilomita 111 a kan Ikwaita, kusan 109 a Kano, amma bai wuce 56 ba a latitud 60, wajen birnin Oslo. Dalili shi ne layukan longitud suna matsowa kusa da juna har su haɗe a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya.

Yawan lambobin da ke bayan ɗigo ma yana da tasiri. Lambobi biyu bayan ɗigo suna kai mutum cikin tazarar kusan kilomita ɗaya, sun isa nuna gari. Rijiya ko shago kuwa yana buƙatar lambobi biyar, waɗanda ke kaiwa kusan mita ɗaya.

Me ya sa ake buƙatar tsarin shimfiɗa?

Duniya dunƙulalliya ce, allon waya kuma shimfiɗaɗɗe. Wanda ya ɗauki ƙwarya ya ce sai ta kwanta kamar tabarma, fasa ta zai yi. Haka ɓawon lemo, ba ya kwanciya a kan faranti sai an yaga shi ko an ja shi. Masanin lissafi Carl Friedrich Gauss na ƙasar Jamus ya tabbatar da wannan ta hanyar lissafi a shekarar 1827: ba yadda za a shimfiɗa bayan ƙwallo a kan takarda ba tare da nisa ya gurɓata a wani wuri ba.

Tsarin shimfiɗa shi ne lissafin da ke ɗaukar latitud da longitud ya mayar da su x da y a kan allo. Kowane tsari yana kare wani abu ya sadaukar da wani. Wani yana kare siffa, wani yana kare girman ƙasa, wani kuma nisa daga wuri guda. Babu wanda ke kare duka. Guda huɗu ne mai koyo zai fi cin karo da su.

Na farko, Plate Carrée. Shi ne mafi sauƙi: ana ɗaukar longitud a matsayin x, latitud a matsayin y, ba wani lissafi. A yankunan da ke kusa da Ikwaita yana fitowa da kyau, amma yana buɗa ƙasashen arewa ta gefe.

Na biyu, Mercator. Gerardus Mercator ne ya fitar da shi a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa, saboda duk hanyar da ake bi da kamfas a kan kusurwa ɗaya tana fitowa a miƙe. Yana kare siffar ƙananan wurare, amma yana kumbura girma yayin da ake nesa da Ikwaita. A latitud 60, tsawo yana ninkuwa biyu, faɗin ƙasa kuma ya ninku huɗu. Shi ya sa tsibirin Greenland ke fitowa kamar ya kai Afirka, alhali Afirka tana da faɗin murabba'in kilomita miliyan 30 da ɗoriya, Greenland kuma miliyan 2 da ɗan kai, wato Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Taswirorin intanet irin su OpenStreetMap suna amfani da wani nau'insa mai suna Web Mercator, EPSG:3857, saboda tituna da mararraba suna riƙe siffarsu idan aka zuƙo hoton.

Na uku, Equal Earth. Bojan Šavrič da Tom Patterson da Bernhard Jenny suka ƙirƙiro shi a 2018. Yana kare girman ƙasashe, don haka ya dace da taswirar duniya gaba ɗaya. A watan Agustan 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kamfen ɗin da ke neman a riƙa amfani da shi a maimakon Mercator.

Na huɗu, UTM. Ya raba duniya shiyya 60, kowace mai faɗin digiri 6, kuma yana ba da lambobi da mita. Nijeriya ta ratsa shiyyoyi uku. Shiyya ta 31 ta kama daga digiri 0 zuwa 6 gabas, cikinta akwai Sakkwato da Yamai. Ta 32 daga 6 zuwa 12, akwai Kano, Katsina, Kaduna, Maraɗi da Damagaram. Ta 33 daga 12 zuwa 18, akwai Maiduguri da Yola. Lambobin shaidarsu su ne EPSG:32631 da EPSG:32632 da EPSG:32633.

Abubuwan da ake buƙata

Ba dole sai da kwamfuta ba. Google Colab yana buɗuwa a burauzar waya, kuma kod ɗin yana gudana ne a kan na'urorin Google, don haka ƙaramar waya ma za ta iya. Ana buƙatar asusun Gmail da data kawai. Ya fi sauƙi idan aka kunna yanayin shafin kwamfuta a cikin Chrome, sannan aka kwantar da wayar.

Bayan buɗe sabon littafi a Colab, sai a rubuta wannan a akwatin farko a danna alamar kunnawa:

```
!pip install cartopy pyproj geopandas folium
```

Cartopy shi ne mai zana taswira, kuma hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya ce ta fara gina shi. Yana aiki a kan Matplotlib. Pyproj yana lissafin sauya tsari da auna nisa. GeoPandas yana riƙe jadawalin bayanan wurare. Folium kuma yana samar da taswirar da ake ja da yatsa. Mai koyo zai iya cin karo da tsofaffin darussa da ke amfani da Basemap, amma Cartopy ne ya gaje shi, gara a fara da sabon.

Taswira ta farko

```
import matplotlib.pyplot as plt
import cartopy.crs as ccrs
import cartopy.feature as cfeature

# longitud da farko, sannan latitud
garuruwa = {
    "Kano": (8.52, 12.00),
    "Katsina": (7.60, 12.99),
    "Sakkwato": (5.24, 13.06),
    "Kaduna": (7.44, 10.52),
    "Maiduguri": (13.15, 11.83),
    "Maraɗi": (7.10, 13.50),
    "Damagaram": (8.99, 13.80),
    "Yamai": (2.11, 13.51),
    "Agadas": (7.99, 16.97),
}

digiri = ccrs.PlateCarree()

plt.figure(figsize=(8, 8))
ax = plt.axes(projection=ccrs.Mercator())
ax.set_extent([1, 15, 4, 18], crs=digiri)

ax.add_feature(cfeature.LAND)
ax.add_feature(cfeature.OCEAN)
ax.add_feature(cfeature.RIVERS)
ax.add_feature(cfeature.LAKES)
ax.add_feature(cfeature.BORDERS)
ax.gridlines(draw_labels=True)

for suna, (lon, lat) in garuruwa.items():
    ax.plot(lon, lat, "ro", transform=digiri)
    ax.text(lon + 0.15, lat + 0.15, suna, transform=digiri)

plt.savefig("taswira.png", dpi=200)
plt.show()
```

A karon farko zai ɗan jinkirta, saboda Cartopy yana sauke iyakokin ƙasashe da koguna daga Natural Earth, wani rumbun bayanan taswira na kyauta. Bayan haka taswira za ta fito da jajayen ɗigogi tara, Kogin Kwara da Binuwai suna haɗuwa a Lakwaja, Tafkin Cadi kuma yana gefen gabas.

Layin `set_extent` yana yanko yankin da ake so, a jere kamar haka: yamma, gabas, kudu, arewa. Layin `savefig` dole ya zo kafin `show`, in ba haka ba ana iya samun farin hoto. Fayilolin Colab suna gogewa idan zaman ya ƙare, don haka a sauke hoton zuwa waya tun da wuri.

Bambancin projection da transform

Nan ne zuciyar darasin. A cikin kod ɗin akwai kalmomi biyu da ke rikita masu koyo.

`projection` yana faɗin yadda za a shimfiɗa taswirar. Zaɓin mai zane ne, yana iya sauya shi yadda ya ga dama.

`transform` yana faɗin tsarin da bayanan suke ciki. Wannan ba zaɓi ba ne, gaskiyar bayanan ce. Tunda lambobin garuruwan digiri ne na latitud da longitud, `PlateCarree` ake bayarwa a kodayaushe, ko wace irin taswira ake zanawa.

Misali mai sauƙi shi ne ɗan canji. Idan aka miƙa masa takarda aka ce dubu goma ce, sai ya san naira ce ko sefa kafin ya canza. `transform` yana faɗin kuɗin da aka kawo, `projection` kuma kuɗin da ake so a karɓa.

Domin tabbatarwa, a sauya layi ɗaya kawai: a cire `ccrs.Mercator()` a sa `ccrs.UTM(32)`, ko `ccrs.Orthographic(8, 12)` wanda ke nuna duniya kamar daga sararin samaniya. Siffar taswirar za ta sauya, amma Kano tana nan a Kano, saboda Cartopy yana sake lissafin kowane ɗigo da kansa.

Sannan a gwada goge `transform=digiri` daga layin `plot`, taswirar tana kan Mercator. Ɗigogin za su ɓace, kuma ba wani jan rubutu da zai fito. Abin da ya faru shi ne Mercator yana ƙirga da mita, sai ya ɗauki 8.52 da 12.00 a matsayin mita takwas da rabi gabas, mita goma sha biyu arewa daga mahaɗar Ikwaita da layin Greenwich. Wannan wuri yana tsakiyar teku, kudu da Gana. Duk garuruwan tara sun taru a can a kan ɗigo guda. Idan taswirar Plate Carrée ce, wannan mantuwar ba ta nunawa, saboda tsarin bayanan da na taswirar sun zo ɗaya. Shi ya sa mutum kan daɗe yana wannan kuskure bai sani ba, sai ranar da ya sauya tsari.

Gani ya kori ji

Akwai hanyar ganin yadda kowane tsari ke gurɓata duniya. Ana zana da'irori masu girma ɗaya a wurare daban-daban na doron ƙasa, sannan a duba yadda suka koma a kan taswira. Ana kiran su da'irorin Tissot, sunan masanin lissafi ɗan Faransa da ya fito da dabarar a ƙarni na 19.

```
tsaruka = [ccrs.PlateCarree(), ccrs.Mercator(), ccrs.EqualEarth()]

for tsari in tsaruka:
    plt.figure(figsize=(7, 5))
    ax = plt.axes(projection=tsari)
    ax.set_global()
    ax.coastlines()
    ax.tissot(facecolor="orange", alpha=0.5)
    plt.show()
```

A Plate Carrée, da'irorin arewa da kudu suna buɗewa ta gefe kamar ƙwai. A Mercator suna nan a da'irorinsu, amma na can arewa sun ninka na tsakiya girma. A Equal Earth sun lanƙwashe, amma filin da kowace ta rufe daidai yake da na sauran. Wanda ya kalli hotunan nan uku ya fahimci abin da kowane tsari ya kare da abin da ya saki.

Kurakurai huɗu da ke kai ɗigo inda ba nan ba

1. Juya latitud da longitud. Google Maps yana ba da latitud da farko. Cartopy da fayilolin GeoJSON suna son longitud da farko, saboda shi ne x. Folium kuma yana son latitud da farko. Wannan kuskure yana da haɗari na musamman a Nijeriya, domin lambobin biyu suna kusa da juna. Idan aka juya na Kano, aka samu latitud 8.52 da longitud 12.00, ɗigon zai sauka kusa da Ganye a jihar Adamawa, nisan sama da kilomita 500, kuma har yanzu yana cikin ƙasar. Wanda bai san yankin ba ba zai ga komai ba. Maganinsa shi ne a riƙa sa wa ginshiƙan jadawali suna ƙarara, sannan a sa wuri ɗaya da aka sani sosai a cikin bayanan domin gwaji.

2. Ɗaukar minti a matsayin ɗigo. Wasu na'urori da takardu suna rubuta wuri da digiri da minti da sakan. Minti 60 ne ke yin digiri ɗaya, don haka digiri 12 da minti 30 shi ne 12.5, ba 12.30 ba. Bambancin 0.2 ɗin nan kusan kilomita 22 ne a ƙasa. Lissafin shi ne: digiri, a tara da minti raba 60, a tara da sakan raba 3600.

3. Rikita `set_crs` da `to_crs` a GeoPandas. Na farko yana liƙa wa bayanai suna ne kawai, ba ya taɓa lambobin. Na biyu shi ke sauya lambobin zuwa wani tsari. Wanda ya yi amfani da `set_crs` don mayar da digiri zuwa mita kamar wanda ya rubuta "shinkafa" ne a jikin buhun gero.

4. Mantawa da tsofaffin ma'aunai. Tsofaffin taswirori da takardun safiyo da yawa a Nijeriya suna kan ma'aunin Minna, EPSG:4263, wanda aka gina a kan wani ƙiyasin siffar duniya daban da na WGS84. Lamba ɗaya a tsarukan biyu tana nuna wurare masu tazarar mita gommai. A taswirar jiha ba za a lura ba, amma a maganar iyakar fili ko gona, wannan tazara ta isa ta jawo rigima. Duk lambar da aka kwafo daga takarda, a fara duba tsarin da aka rubuta a jikinta.

Auna nisa da faɗi

Taswirar da ta yi kyau a ido ba lallai ta dace da awo ba. Tsakanin Kano da Damagaram, a miƙe, kusan kilomita 206 ne. Idan aka auna a kan lambobin Web Mercator za a samu kusan 212. Kilomita shida sun ƙaru, kuma wannan a yankin da ke kusa da Ikwaita ne. A Landan, irin wannan awon yana ƙara kusan kashi 60 cikin 100.

Hanya mafi inganci ta auna nisa ita ce a auna a kan doron duniyar kanta:

```
from pyproj import Geod

g = Geod(ellps="WGS84")
kusurwa, _, nisa = g.inv(8.52, 12.00, 39.83, 21.42)
print(round(nisa / 1000), round(kusurwa))
```

Wannan daga Kano ne zuwa Makka. Amsar za ta fito kusan kilomita 3,490, da kusurwar kusan digiri 68 daga arewa zuwa gabas. Irin wannan lissafin ne manhajojin nuna alƙibla suke yi a cikin waya.

Haka abin yake wajen zana layi tsakanin wurare biyu masu nisa. Idan aka ba layin `transform=ccrs.PlateCarree()` za a samu layin da ke miƙe a ma'aunin digiri. Idan aka ba shi `ccrs.Geodetic()` za a samu gajeriyar hanya ta ainihi:

```
ax = plt.axes(projection=ccrs.EqualEarth())
ax.set_global()
ax.coastlines()
ax.plot([8.52, 113.26], [12.00, 23.13], transform=ccrs.Geodetic())
plt.show()
```

Layin daga Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin zai fito a lanƙwashe ta arewa. A ido kamar zagaye ne, amma a kan duniya shi ne mafi kusa.

Idan aikin na cikin jiha ɗaya ne, sai a mayar da bayanan zuwa UTM a yi awo da mita. A koma misalin rijiyoyi. A ce akwai fayil mai ginshiƙai uku, suna da latitud da longitud, kuma ana son sanin yankin da ke cikin kilomita biyu daga kowace rijiya:

```
import pandas as pd
import geopandas as gpd

df = pd.read_csv("rijiyoyi.csv")
wurare = gpd.GeoDataFrame(
    df,
    geometry=gpd.points_from_xy(df["longitud"], df["latitud"]),
    crs="EPSG:4326",
)

mita = wurare.to_crs("EPSG:32632")
zagaye = mita.buffer(2000)
```

Bayan `to_crs`, lambobin Kano za su koma kusan 447,750 da 1,326,600, duka da mita. Yanzu 2000 yana nufin mita dubu biyu. Da an yi `buffer(2)` a kan bayanan digiri da nufin kilomita biyu, da'irar za ta kai digiri biyu ta kowane gefe, wato sama da kilomita 200, ta haɗiye Katsina da Kaduna daga Kano. Kuma idan za a ɗora bayanan `mita` a kan taswirar Cartopy, `transform` ɗinsu ya koma `ccrs.UTM(32)`, tunda tsarinsu ya sauya.

A kuma tabbatar an adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, domin sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ su fito daidai.

Taswirar da ake ja da yatsa

Hoton Cartopy ya dace da rahoto ko sakawa a Facebook. Idan kuwa ana so mai dubawa ya zuƙo ya ga tituna, Folium ne ya dace:

```
import folium

m = folium.Map(location=[12.5, 8.0], zoom_start=6)

for suna, (lon, lat) in garuruwa.items():
    folium.Marker([lat, lon], popup=suna).add_to(m)

m.save("taswira.html")
m
```

A lura da yadda aka juya jerin a nan, `lat` kafin `lon`. Folium yana karɓar digiri, ya ɗora su da kansa a kan hotunan OpenStreetMap masu tsarin Web Mercator, don haka ba a rubuta `transform`. Fayil ɗin da ya fito ana buɗe shi a burauza, amma yana buƙatar intanet kafin hotunan taswirar su bayyana.

Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye: lambobi masu ɗigo biyar suna nuna ƙofar gidan mutum. Idan bayanan na marasa lafiya ne, ko na masu karɓar tallafi, ko na gidajen mutane, kada a watsa su haka a intanet. A rage lambobin zuwa ɗigo biyu, ko a tara su unguwa-unguwa.

Wane tsari ya dace da wane aiki?

- Taswirar duniya ko kwatanta girman ƙasashe: Equal Earth.
- Taswirar tituna da ake zuƙowa a waya: Web Mercator, amma ban da awo a kanta.
- Awon nisa ko faɗi a cikin gari ko jiha: UTM na shiyyar da wurin yake.
- Nisa tsakanin wurare masu nisa ko na shiyyoyi daban-daban: `Geod`.
- Adana bayanai da musayarsu: EPSG:4326, tare da rubuta hakan a jikin fayil ɗin.

Aikin gwaji

Mai koyo ya ɗauko lambobin wurare biyar da ya sani sosai daga Google Maps, kamar makarantarsa, kasuwar garinsu, tasha, asibiti da filin ƙwallo. Ya zana su da Cartopy a tsaruka biyu daban-daban, ya tabbatar ɗigogin ba su motsa daga wurarensu ba. Daga nan ya juya latitud da longitud na wuri ɗaya da gangan, ya ga inda zai faɗa. A ƙarshe ya auna nisa tsakanin biyu daga cikinsu da `Geod`, ya kwatanta da abin da ma'aunin nisa na Google Maps ya bayar. Idan amsoshin sun yi kusa, aikin ya yi.

Kammalawa

Kafin a miƙa kowace taswira ga wanda zai yi aiki da ita, a amsa tambayoyi uku. A wane tsari bayanan suke? A wane tsari aka zana taswirar? Wurin da aka sani a cikinta ya faɗa inda ya kamata? Amsar farko ita ake sakawa a `transform` ko `crs`, ta biyu a `projection`, ta uku kuma ido ne ke tabbatar da ita. Duba ɗigo ɗaya ba ya cin minti biyu, kuma shi ke hana motar gyara tafiya Ganye alhali rijiyar tana Kano.